Babur Ɗin Nana Da Hanyar Bungudu

Assalamu alaikum 'yan uwana mata, da ku mazan da kuke laɓe a bayan waya kuna karantawa, in an tambaye ku ku ce labarin ƙwallo kuke dubawa. Na ga saƙonninku. Wata ta rubuto mini, "Shafa'atu, wai sai yaushe za ki ba mu labarin angon naki?" To yau zan ba ku, amma ku yi haƙuri, ba irin wanda kuke jira ba ne. Yau labarin ƙarfe ne da baƙin mai, da kuma wautar da na tafka da bakina.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Shafa'atu, shekarata ashirin da shida, ina zaune gidan iyayena a Damba, nan Gusau. Mijina Uwaisu ya rasu shekara biyu da rabi ke nan, jinyar kwana tara kacal. Ya bar ni da yarinya ɗaya, yanzu shekararta bakwai. Sunan kakarta ta wajen uba aka sa mata, Halimatu, shi ya sa kowa ke kiranta Nana. Na ce kowa, amma ban da ni. Rubuta sunan nan da na yi yanzu ya fi mini sauƙi a kan faɗarsa, don tun da na haife ta bai taɓa fita daga bakina a gaban mutane ba. "Ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". Ita kuma "Anti Shafa" take ce mini, yadda ta ji 'ya'yan yayana Bashiru suna faɗa.

Na san wasunku za su ce wannan tsohon yayi ne. A gidanmu dai kunyar ɗan fari tana nan da ranta. Ba a rungumar ɗan fari a gaban manya, ba a tsaya masa in an yi faɗa, in ya faɗi a gabanki sai ki ɗauke kai wani ya ɗaga shi. Haka na tashi na ga Innarmu tana yi wa Yaya Bashiru, haka ni ma na ɗauka ba tare da kowa ya zaunar da ni ya koya mini ba. Uwaisu ya sha yi mini tsiya a kan haka, in harare shi, ya ɗauki 'yarsa ya ɗora a wuya su fice su bar ni.

Shi ya sayo mata babur ɗin, tana 'yar shekara huɗu. Ƙaramin babur ne mai taya huɗu irin na yara, ja, na hannu, a Kano ya gan shi ya kasa wucewa. Yaran layinmu "motar Nana" suke ce masa. Yana da wata igiya a baya wadda in an fizge ta injin zai mutu, sai ka ga Uwaisu da jallabiya yana bin ta a guje, igiyar a hannunsa, yana haki yana cewa a hankali. Da na gama takaba na dawo gida, cikin kayan da aka kwaso mini har da shi.

Tun daga lokacin, kullum bayan la'asar sai ta tayar da shi ta yi ta zagaya bishiyar mangwaron tsakar gidanmu. Ni kuma ina ɗaki, a bakin taga, ina ƙulla turaren wutan da nake sayarwa, labule a sake, na bar 'yar kafa daidai ido ɗaya. Duk zagayen da za ta yi a idona ne. Ban taɓa fitowa na ce mata sannu ba. In ta gama ta shige ɗakin Inna, don can take kwana, ni kuma in ci gaba da zama da kwalabena. Gidanmu cike yake da mutane, amma wallahi wani lokacin sai in yini ban yi maganar da ta wuce "to" da "na'am" ba.

Bana sai babur ya fara gazawa. Yarinya ta yi tsawo, gwiwoyinta har suna taɓa kan babur ɗin. In ta hau sai bayansa ya zauna, salansa ta riƙa gogar siminti, injin yana tari yana hayaƙi, ɗan tudun bakin rijiya ma sai ta sauka ta tura. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Ba ta da yawan magana, a nan ni ta biyo.

Yanzu bari in kawo muku Mas'udu. Abokin Yaya Bashiru ne, mutumin Tsafe, yana da shagon gyaran babura da sayar da kayansu a nan Gusau. Wata takwas ke nan yana zuwa zance wurina. In zai zo sai ya sha shadda mai guga, ya kafa hula, ya fesa turare har ya yi yawa, amma in ya miƙo leda za ki ga baƙin da ke ƙarƙashin farcensa, wanda sabulu ya gaji ya bar masa. Ba ya iya kalaman nan da kuke so. Iyakarsa, "Malama Shafa'atu, kin yini lafiya? Ya su Inna?" sai shiru, sai ya kama ba ni labarin wani babur da ya ba shi wahala. Inna da Gwaggo, ƙanwar Baba, sun sa ni gaba da cewa zawarci ba sana'a ba ne, amma gaskiya ba su suka tura ni ba. Ina son shirunsa. An sa rana, saura mako uku.

Ana sa ranar sai ga Alhaji Ɗahiru, yayan marigayi, ya taso daga Bungudu da saƙon mahaifiyarsu, Hajiya. Ina kicin ina tankaɗe aka ce Baba na kira. Na zura dogon hijabina ruwan toka, na shiga falon, na durƙusa daga bakin ƙofa. Inna na gefe a kan tabarma.

Alhaji Ɗahiru ya gyara zama ya ce, "Hajiya ta ce in gaishe ku. Kuma ta ce tunda Allah ya kawo miji, a ba ta ɗiyar Uwaisu ta riƙa gani. Ita ɗai ta rage mata daga gare shi."

Baba ya dube ni. "Kin ji abin da anka ce. Mi kinka gani?"

Na so in ce a'a. Amma bakina ya riga ya san karatunsa tun kafin zuciyata ta yi magana. Kaina a ƙasa na ce, "Ai ɗiyarsu ce, Baba."

Ku tsaya ku ji yadda na ɗauki abin, kada ku yi saurin zagina. A sanina, kara kamar tayin abinci ce. Kai ka ce bismillah, baƙo ya ce alhamdulillahi, kowa ya fita kunyar kowa. Na zaci Alhaji zai ce a'a, a bar ta wurin uwarta ta ƙara wayo, ta riƙa zuwa hutu. Ko Inna ta sa baki. Ko Baba ya ce a dakata a yi shawara. To ni na yi tayi, sai kawai aka wanke hannu.

"Madalla da ɗiyar albarka," in ji Alhaji Ɗahiru. "Wagga ita ce tarbiyya. Juma'a ta sama in taho da mota, don ta riski buɗe makaranta can."

Na koma kicin na ci gaba da tankaɗe. Garin da na tankaɗe ranar har da hawayena aka tuƙa shi, ba wanda ya sani.

Kashegari Mas'udu ya zo da la'asar, ya tarar da Nana tana tura babur a kan tudun rijiya. Ya tsaya ya daɗe yana kallonta. Sai ya naɗe hannun shaddarsa, ya tsuguna, ya danna kujerar da tafin hannu, ta nutse ba ta dawo ba. Ya ce da Yaya Bashiru, "Wanga inji ya gama aikinai. Shokozoba ma ta mutu. A ba ni shi kwana biyar." Da yamma aka zo da a-kori-kura aka ɗauke shi.

Jama'a, ranar na ji sanyi a raina. Na ce shi ke nan, Allah ya kawo mini mafita. Namijin da zai ɓata kwana biyar a kan abin wasan yarinya ai ba zai bari a raba ta da uwarta ba. Na ƙudurta cewa so yake ya saye zuciyarta tukuna, sannan ya je gaban manya ya ce a ba shi ita ya riƙe. Shi namiji ne, kuma ba ɗiyarsa ta fari ba ce, ba kunyar da za ta ɗaure masa baki. Ni dai nawa jira.

Sai saƙonni suka fara shigowa. Wasu ana turo musu hoton fure, ni hoton inji ake turo mini da tsakar rana.

"Barka da rana. Dubi wannan."

"Mene ne shi?"

"Injin babur roba-roba ne, mai ƙarfin ɗari da goma. Tsohon nata hamsin ne. Jikin babur ɗin da na ciro shi ya lalace amma injin lafiya lau. Ramukan noti sun zo daidai, ko walda ban yi ba."

"Sannu da ƙoƙari."

Washegari kuma: "Na canza kafireta, tsohuwar ta yi masa ƙanƙanta. Salansa sai da na ƙara mata tsawo."

Na rubuta, "Ba zai yi mata gudu da yawa ba?" Na tsaya ina kallon "mata" ɗin nan, na goge, na mayar da shi, "Ba zai yi gudu da yawa ba?" Ko a waya kunyar ba ta bar ni ba.

"A'a. Na sa babban faranti mai haƙora a baya inda sarƙa ke hawa. Ƙarfin ja zai samu, ba gudu ba. Kuma akwai sukurun totur, na ɗaure shi, ko ta danna iya ƙarfinta ba zai wuce inda na tsayar ba. Birki ma sabo ne."

Na karanta saƙon nan ya fi sau goma. Ni a wurina ya fi duk wata waƙar soyayya. Na riƙa hango mu a gidansa, tana zagaya tsakar gida, ni kuma wataƙila a can, inda ba idon Inna ba na Baba, in iya fitowa in tsaya a fili in kalle ta. A kwanakin nan biyar Nana ta rasa abin yi da la'asar. Sai ta zauna a gindin mangwaro tana zane a ƙasa da tsinke, ni ina bakin taga, tsakaninmu bai fi taku goma ba.

Ranar Laraba ya dawo da shi. Na yi wanka, na ɗaura atamfata kore mai zanen ganye wadda ya taɓa cewa ta yi kyau, sau ɗaya tak, shi ma yana kallon ƙasa. Na yafa mayafi ruwan madara, na ɗan shafa humra, na fito zaure. An sauke babur a filin ƙofar gida, yaran layi sun kewaye shi.

Ban gane shi ba. Ya ɗaga sama, ya yi tsaye a kan tayoyinsa, an wanke shi har jan ya dawo. Mas'udu ya ciro hular kwano ƙarama daga leda ya ɗaura wa Nana da kansa, ya ja igiyar haɓar, ya tambaye ta ko ta matse. Ta girgiza kai. Ya tayar, injin ya amsa da wata murya mai kauri, ba tari ba hayaƙi. Ta hau ta danna a hankali, ya tafi sumul, ta haye tudun yashin maginan maƙwabta kamar ba komai. Na ji ta ƙyalƙyale da dariya a cikin hular. Rabon da in ji wannan dariyar tun mahaifinta na da rai.

Mas'udu ya matso bakin zaure yana goge hannu da tsumma, fuskarsa fal murna.

"Kin ga yadda bayan ke lotsawa ya dawo? Shokozoba uku na canza. Biyu a gaba masu kaurin sifirin, ta baya kuma doguwa na sa, ta fi ta da da kusan yatsa uku."

Na ce, "Ai ya yi tsawo da yawa, Malam. Tsakar gida siminti ne, me za a yi da wannan duka?"

"Ai ba don siminti na yi ba."

"Don me ka yi?"

"Don hanyar gidan Hajiya. Daga kwalta zuwa ƙofarsu duk yashi ne da kwari, hanyar amalanke ce. Ran Lahadi na je na gano da idona, na auna zurfin ramukan. Da tsohuwar shokozoba ko kwana biyu ba zai yi ba."

Na dafa bangon zaure.

"Bungudu ka je?"

"Awo."

"Wato duk aikin nan na kwana biyar, shirya ta kake yi ta tafi?"

Ya daina goge hannun. Ya dube ni sosai, abin da bai cika yi ba. "To ba tafiya za ta yi ba? Bashiru ya ce da bakinki kinka bayar."

"Kai kuma ba ka tambaye ni ba."

"Malama Shafa'atu," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa, "wata takwas nike zuwa wanga zaure. Kin ba ni labarin turare, kin ba ni na Inna, har na akuyar Gwaggo kin ba ni. Ko sau ɗaya ban ji kin ambaci yarinyar ga ba. In na kawo zancenta sai ki kama gyaran mayafi. Na san akwai kunya, mu ma muna da ita a Tsafe. Amma na ce in da abu a ranki, ni da za ki aura za ki ɗan tsegunta mani ko a waya."

Na sunkuyar da kai.

"Ɗaki biyu na gyara a gidan," ya ce. "Ƙaramin na sa an yi mashi fenti tun kafin a sa rana. Da na ji kin bayar sai na zuba kayan shago a ciki. Wane ni in shiga tsakanin uwa da kaka, uwar ma ta yarda? Abin da hannuna ke iyawa shi na yi. Na ce in za ta tafi, ta tafi da abin da ba zai ba ta kunya ba."

Ban iya tsayawa ba. Na juya na koma cikin zaure, na laɓe a bayan ƙyauren, na cusa bakin mayafi a bakina don kada yara su ji. Haushinsa nake ji, amma na san ba shi da laifi. Mutum ya yi abin da ya gani. Ni ce na zauna ina jiran wani ya shiga cikina ya karanta.

Ina nan tsaye na ji ƙarar babur ta matso, ta tsaya daf da ƙofar. Injin ya mutu. Ba ta san ina bayan ƙyauren ba.

"Kawu."

"Na'am, Nana. Ya kinka ji shi?"

"Yana da daɗi." Sai ta ƙara da cewa, "Kawu, in an cika tankin, zai kai daga Bungudu zuwa nan?"

"Kai, da nisa. Kuma ba a hawa titi da shi, manyan motoci na nan. Mi za ki zo yi?"

"In ga Anti Shafa."

"Ai za a riƙa kawo ki."

"A'a, ni kaɗai. Ba sai na shiga ba in ba ta so. In tsaya ta wajen taga. Tana leƙowa ta labule, ina ganin idonta. In ta gan ni sai in koma kafin magariba."

Ashe ta sani. Sama da shekara biyu ina zaton ɓoye nake, ashe duk zagayen da take yi wa mangwaron nan don idon da ke bayan labule take yi. Kuma abin da ta fahimta daga wurina shi ne ba na son ta shigo.

Mas'udu ya sake tayar mata da injin. Na ji ya ce ta je ta ƙara zagaye ɗaya. Da ta tafi, ya yi magana ba tare da ya leƙo ba, don ya san inda nake.

"Kin ji?"

Na ƙara danne bakina da mayafin.

"Ni dai makullin zan ba Alhaji Ɗahiru a hannunai, in ce kada a bar mata shi. Yarinyar ga za ta gwada. Sauran kuma ba aikin bakanike ba ne."

Da magariba saƙonsa ya shigo: "Zan kwashe kayan shagon daga ɗakin gobe. Ko an yi amfani da shi ko ba a yi ba." Na karanta, na kife wayar.

Ranar Alhamis da hantsi na shiga ɗakin Inna na tarar tana ninke kayan Nana tana jerawa a jaka. Kayan makaranta, 'yan kanti biyu, leshin sallar bara, hijabin Islamiyya da aka rubuta sunanta a bakinsa da biro. Na zauna a bakin gado na ɗauki wata riga ina ninkewa, na warware, na sake ninkewa.

"Inna."

"Mi an na?"

"Da aka ɗauke Yaya Bashiru aka kai shi Wanke wurin kaka, shekararsa nawa?"

Hannunta ya tsaya a kan jakar. "Biyu. Ranar da anka yaye shi."

"Kin yi kuka?"

Ta tura sauran kayan cikin jakar. Sannan ta ce, "A bayan ɗaki. Wata uku ina yi. Har yau in ya shigo gaishe ni, kamar baƙo nike ganinai." Ta ja zif ɗin jakar da ƙarfi. "Amma ban mutu ba. Ke ma ba ki mutuwa."

"Inna, in na ce na fasa fa?"

"Magana zarar bunu ce, Shafa'atu. Gaban ubanki kinka faɗe ta, gaban surukinki. Kina so a ce ɗiyata ba ta da kunya? Ni ba ni iya zuwa in kwance maki." Ta miƙe ta ɗauki jakar ta ajiye a bayan ƙofa. Har ta kai bakin ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba. "Ni dai ba a tambaye ni ba a lokacina. Ke an tambaye ki."

Na zauna ni kaɗai a ɗakin da rigar a hannuna. Ban san ko faɗa ta yi mini ba ko hanya ta nuna mini. Yinin ranar ban ƙulla turare ko ɗaya ba. Da la'asar Nana ta zagaya mangwaro da sabon injinta, na ɗaga hannu zan yaye labulen gaba ɗaya, sai na ji takun Baba ya fito alwala, na sake shi.

Juma'a da safe, wajen ƙarfe tara, motar Alhaji Ɗahiru ta tsaya a ƙofar gida, farar mota mai buɗaɗɗen baya. An yi wa Nana kitso tun jiya, an sa mata doguwar riga ruwan hoda da farin hijabi. Tana zaune a kan jakarta a tsakar gida, hular kwanon a cinyarta, ta riƙe ta da hannu biyu. Ba ta kuka. Da ma ta yi kukan da ya fi mini sauƙi.

Daga taga, ta ƙofar zaure da ke buɗe, na hango Yaya Bashiru da direba sun jingina katako biyu a bayan motar, suna tura babur ɗin sama. Da tayoyin baya suka hau, na ga sabuwar shokozobar ta lotsa ta dawo, lafiya lau, yadda mai gyaran ya yi alkawari. Suka kama ɗaure shi da igiya.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Ko hijabi ban tsaya nema ba, mayafin da ke kan gado na fizga. Na ratsa tsakar gida, na wuce ta gaban Nana. A bakin falon Baba na yi sallama.

Suna shan shayi, shi da Alhaji Ɗahiru. Na durƙusa.

"Lafiya?" in ji Baba.

"Baba, ina neman gafara. Maganar da na yi ranar nan, kara ce na yi. Ba har zuciyata ba ce."

"Wace magana?"

"Ta tafiyar nan. Ba zan iya ba. Ina son 'yata a wurina."

Baba ya ajiye kofinsa a hankali. Tun da nake ban taɓa cewa "'yata" a gabansa ba, na ga yadda ya kawar da kai kamar shi ne ya ji kunyar. Na ji motsi a bayana, na san Inna ce ta zo ta tsaya a bakin ƙofa.

Na zaci Alhaji Ɗahiru zai yi faɗa. Da ya yi faɗan da na samu abin riƙewa. Sai kawai ya sauke numfashi, ya cire hularsa ya shafa kai.

"Shafa'atu, ban ga laifinki ba. Da kin faɗi haka tun ranar, da na san yadda zan lallashe ta. Amma tsohuwar ga tun da Uwaisu ya rasu ba ta ƙara cin abincin kirki ba sai makon ga. Ta sa an share ɗakinai, ta sayi katifa, ta sa an yanka kaji tun asuba. Tun da gari ya waye tana zaune bakin ƙofa." Ya laluba aljihun babbar rigarsa ya ciro waya. "Ni ba ni iya komawa in dube ta in faɗa mata wanga. Sai dai ki faɗa mata da bakinki."

Kafin in ce wani abu ya danna kira, ya sa a bayyane, ya ajiye wayar a kan darduma a gabana. Ta yi ƙara sau ɗaya. Ko ta biyu ba ta gama ba aka ɗauka.

"Ɗahiru? Kun taso?"

"Hajiya, ga Shafa'atu."

"Allah sarki, ɗiyar albarka!" Muryarta na rawa don murna, irin muryar Uwaisu sak in yana dariya. "Allah shi saka maki, kin share mani hawaye. Ki ce wa takwarata ga dambun nama nan na aje mata. Kin haɗa mata kayanta duka ko?"

Na ɗago kai. Baba na kallon bango. Inna na bayana, ina jin numfashinta. Ta gefenta kuma, a bakin labulen falon, ga wasu ƙananan ƙafafu biyu cikin farar safa sun tsaya.

Na jawo wayar kusa da bakina.

"Hajiya, ki gafarce ni," na ce. "An haɗa. Amma yanzu zan je in kwance kayan."

A ɗaya ɓangaren, Hajiya ba ta kashe wayar ba.